Murar Tsuntsaye Ta Hanyar Ciniki Take Tafiya

 Yau mun ɗan ajiye maganar tiya da buhu domin mu yi magana a kan murar tsuntsaye. Kada mai hatsi ya ce wannan ta 'yan kaji ce, ba ruwansa. Masarar da muke aunawa da waken suya da dusa, kaso mai yawa cikin kaji suke shiga, kuma in kaji suka mutu bashin masara ba ya fita.

Ku tuna yadda ta fara. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a gonar Sambawa da ke Jaji, ƙasar Kaduna, inda kaji dubbai suka ƙare. Wannan shi ne karo na farko da aka ga irin nan mai tsanani, wanda likitoci ke kira H5N1, a nahiyar Afirka duka. A kwanakin nan aka same ta a gonakin Kano, kafin watan ya ƙare kuma ta ɓulla a Magariya, ƙasar Nijar. Gwamnatin Obasanjo ta sa diyyar naira 250 a kan kowace kaza da aka kashe, alhali kaza mai ƙwai ta fi haka a kasuwa. To, mai hankalin ciniki ya san abin da zai biyo baya. Mutum ya ga kajinsa sun fara faɗuwa, sai ya loda sauran da dare ya kai kasuwa ya karyar, kafin ma'aikata su zo. Ta lafa bayan 2008, ta dawo Kano da Legas a farkon 2015, ta sake dawowa a 2021.

Asalinta daga tsuntsayen ruwa ne, agwagin daji da danginsu, masu tasowa daga Turai da Asiya in sanyi ya kama can, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da madatsan ruwa su yi hunturu da mu. Waɗannan ba mu da iko da su. Amma fa tsuntsun daji iyakarsa ya sauke ta a bakin ruwa. Mai ɗaukarta daga nan ya kai ta gida gida, mutum ne, da akurkinsa da babur ɗinsa da motarsa.

Ga misali na kusa. A ƙarshen 2024 wani saurayi a Gwale ya sayi agwagwa a kasuwar Janguza ya zuba ta cikin kajinsa, daga cikin tsuntsaye 50 sai 35 suka mutu, da aka yi gwaji kuwa aka tabbatar murar ce. Agwagwa ita ce mai wuyar sha'ani, domin takan ɗauki cutar tana yawo lafiya lau, tana zubar da ita a kashinta. Kaza da zabo da talotalo su ne ke faɗuwa. Saboda haka duk tsuntsun da aka sayo, komi kyansa, a keɓe shi mako uku kafin a haɗa shi da na gida.

Mutane da yawa suna cewa ai fakat ce, wadda muka saba da ita kowace shekara. Sun yi kama, kuma lokacinsu ɗaya ne, watau hunturu. Alamun murar su ne mutuwa farat ɗaya da yawa, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi ko baƙi, ƙafa ta yi jajaja kamar an ƙuje ta, ƙwai ya tsaya. Amma ido ba ya raba su. Sai likitan dabbobi ya ɗebi samfuri an aika Vom, ƙasar Filato, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take.

Yanzu ga inda ta shafe mu ƙwarai. Ƙasarmu ta arewacin Kano ba a barin gona ta huta, gida na jikin gida, gona na jikin gona, taki ne ke riƙe da ita tun kaka da kakanni. Da taki na zamani ya yi tsada, kashin kaji ya zama haja, ana sayensa buhu buhu daga gonakin kaji a jibge a gona da rani. Cutar kuwa a cikin kashin take zaune, kuma in da sanyi da laima takan yi makonni ba ta mutu ba. An jibge, kajin unguwa sun zo sun tona, shi ke nan. Duk takin da aka sayo a tara shi wuri ɗaya a rufe, ya yi zafi ya ruɓe kafin a watsa, zafin nan shi ke kashe ta. Na gonar da aka yi mutuwa kuwa kada a saya ko da kyauta ne.

Sai maganar buhu. Buhun da ya kai masara gonar kaji, ya kwana a ƙasa a can, ya dawo hannun masu sayar da tsofaffin buhuna, gobe an zuba masa gero. Haka kiret ɗin ƙwai na kwali, yau yana wannan gona jibi yana waccan, ba ya wankuwa. Haka tayar mota da takalmin ɗan dako. Mu da muke kai kaya, mu sauke a bakin ƙofa, kada yaranmu su shiga ɗakin kaji, kuma in mai gona ya ce a taka ruwan magani kafin a shiga, kada a ɗauka raini ne. Buhun da ya fito daga gonar kaji a wanke da sabulu a shanya a rana sosai, in ba haka ba a bar musu abinsu.

Game da mutane, kada a firgita, kada kuma a raina. Ba ta saurin kama ɗan Adam, kuma har yanzu ba ta zama mai yawo daga mutum zuwa mutum kamar murarmu ba. Amma wanda ta kama sosai tana da haɗari. A Hong Kong a 1997 ta kama mutum 18, shida suka rasu. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya tun daga 2003 ya nuna wajen rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu. A Nijeriya wata mace 'yar shekara 22 ta rasu a Legas a Janairun 2007. A 2021 an gwada masu hulɗa da kaji a Kano da Filato an sami alamarta a jikin wasu. A Amurka kuwa a 2024 har shanun madara ta shiga, abin da da ba a zata ba.

Al'adar da ta fi ba mu tsoro ita ce ta "yi maza ka yanka kafin ta zama mushe". Yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da cuta. Lokacin yanka da figa da fitar da hanji shi ne lokacin da ta fi samun hanyar shiga mutum, ta ido da hanci da baki, kuma mata da yara da masu figa a kasuwa su ke wannan aiki. Naman lafiyayyar kaza da ƙwai in sun dahu sosai ba komi, wuta na kashe ta. Kazar da ta mutu da kanta a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a juji ko kududdufi, kada a ba kare, kada yaro ya ɗauka da hannu. Wanda ya taɓa irin waɗannan kaji ya ji zazzaɓi da tari ko jan ido cikin kwana goma, ya tafi asibiti ya faɗa musu ya taɓa kaji.

Ku kuma dillalai, in aka kawo muku kaji masu yawa da asuba, farashi ya faɗi ƙasa ba dalili, mai su yana gaggawa, ku tambayi daga wace gona suka fito, kuma nawa suka mutu a can jiya. In ya yi ta kame-kame, ku bar la'adar nan ta wuce, ku sanar da sarkin kasuwa da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma tun kajin ba su watsu cikin ƙauyuka ba.