Tsara rawa: sana'ar da ba a rubuta ba

A garuruwanmu ba a kai yaro lakwal domin ya koyi rawa. Yarinya takan iya gaɗa a dandali da farin wata, tana kallon yayyenta. Saurayi kuwa yakan shiga da'irar takai riƙe da sanda. In ya saɓa kiɗa, sandar na kusa da shi ce za ta sanar da yatsunsa. Amma iya rawa daban, tsara ta domin wasu su taka daban.

Wannan bambanci ya fito fili a zamanin samariya, lokacin mulkin Saini Kunce (1974 zuwa 1987). Daga 1976 aka soma bikin matasa na ƙasa, inda kowace jaha take aiko da ƙungiyarta ta «bale» domin gasa. Nan aka tarar da wata matsala da dandali bai san da ita ba. A dandali ƴan kallo suna kewaye da masu rawa, babu gaba babu baya, kuma ba a tashi sai an gaji. A kan dandamali kuwa jama'a duka suna gefe guda, alƙalai suna duban agogo. Tilas mai tsarawa ya ɓalle da'ira ya mai da ita sahu, ya taƙaita rawar dare guda ta koma ta ƴan mintoci, ya shirya ta inda za a shigo da ta inda za a fita, sa'annan ya ɗora labari a kai: noma, aure, ko tarihin wani jarumi. Abu mafi wuya shi ne makaɗi. Mai kalangu ya saba bin ƙafar gwanin da ya faɗo fili. Yanzu an ce ya riƙe kiɗa guda ga mutum ashirin, ya ba su alamar juyawa a lokaci ɗaya. Ba kowane tsohon makaɗi ne ya yarda da wannan cikin sauƙi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Waɗanda suka yi wannan aiki a gidajen samariya na Maraɗi, Damagaram da Tawa da kansu suka koya, alhali iyaye da yawa suna ɗaukar rawa shashanci.

A wasu ƙasashe an mai da abin karatu. A Dakar an buɗe makarantar Mudra Afrique a 1977, Germaine Acogny tana shugabancinta. Ita ce kuma ta kafa École des Sables a Toubab Dialaw a 1998. A Wagadugu, Salia Sanou da Seydou Boro sun buɗe La Termitière a 2006. A can ana koya wa mai rawa ƙidayar taku, ɗumama jiki kafin a soma, da yadda zai rarraba motsi gaɓa-gaɓa domin ɗalibi ya kama.

Matasanmu na yau ba su bar rawa ba. Suna kwaikwayon ta daga wayar salula, wasu har suna tara yara suna koya musu domin biki. Masu tsara bale na zamanin samariya kuwa, waɗanda suka rage, sun tsufa, kuma dabarunsu a ka suke. Hotunan da Télé Sahel ta ɗauka suna nuna ƙafafun masu rawa ranar gasa. Ba su nuna watannin da malamin ya yi a farfajiya yana tafa hannu, yana mai da su baya har sahu ya daidaita.