Labarin Addinin Hindu Da Bukukuwansa

Ƙasar Hindu, wadda a ke kira Indiya, tana gabas da Makka, a hayin teku. Cikin shekara ta 1943 da ta 1944 sojojinmu da yawa suka sauka a can, a kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama. Da suka komo gida suka yi ta ba da labarin mutanen da ba su cin naman shanu, suna kuwa ƙone gawa maimakon binnewa. Wanda ya ji wannan kaɗai sai ya zaci jahilai ne. Ba haka ba ne. Suna da malamai, da littattafai huɗu da a ke kira Weda, cikin harshen Sanskirit, waɗanda suka girmi Annabi Isa nesa ba kusa ba. Cikin kowane mutum biyar na ƙasar, wajen huɗu wannan addini su ke bi.

Malamansu suna cewa asalin kome ɗaya ne, amma yana bayyana da kamanni iri iri. Saboda haka su ke girmama Birahma mai halitta, da Bishnu mai kiyayewa, da Shiba mai rushewa, da waɗansu masu yawa, suna sassaƙa musu siffofi. Babban abin da ya raba su da Musulmi da Kirista shi ne batun mutuwa. Su a wurinsu in mutum ya mutu, ransa ya kan sāke shiga wani jiki, na mutum ko na dabba, gwargwadon aikin da ya yi. Wannan sakamako shi a ke kira karma. Burin mai ibada kuwa shi ne ya kuɓuta daga wannan kai da kawowa. Saniya kamar uwa ta ke a gare su, don tana ba da nono. Kada ku ɗauki wannan da wasa, gama an sha zub da jini tsakaninsu da Musulmin ƙasar a kan yankan saniya, yawancin jihohinsu ma sun hana shi da doka.

Da wata su ke lissafi, amma kusan kowace shekara uku su kan ƙara wata guda. Don haka bukukuwansu ba su zagaya shekara kamar yadda Azumi ke yi, kowanne yana nan a lokacinsa.

Mafi girma shi ne Diwali, watau bikin fitilu, cikin Oktoba ko Nuwamba, a daren da wata ya ɓace. Sun ce an kori wani ɗan sarki, Rama, ya yi shekara 14 a daji. Rawana, sarkin Lanka mai kai goma, ya sace matarsa Sita, shi kuwa ya bi shi ya kashe shi. Daren da ya komo birninsa Ayodiya duhu ne ƙirin, sai talakawa suka kunna fitilu don ya ga hanya. Har yau a kan share gida, a jera 'yan fitilun yumɓu a bakin ƙofa da kan katanga, a sa sababbin tufafi, a kai wa maƙwabta alewa. Kwana biyar a ke yi. Fatake kuma su kan buɗe sabon littafin lissafi, suna roƙon Lakshimi, uwar arziki, ta shigo gidansu. Wai ba ta shiga gida mai dauɗa, dabara ce kuwa mai kyau ta sa kowa shara. Kwana ashirin kafin wannan a kan yi Dasara, a gina mutum-mutumin Rawana mai tsawon gaske, a cinna masa wuta.

Holi kuwa na ƙarshen sanyi ne, galibi cikin Maris, ran da wata ya cika. Da dare a hura babbar wuta, don tunawa da yaro Pirahlad wanda ƙanwar ubansa ta shiga wuta da shi don ta hallaka shi, ita ta ƙone, shi ya fita lafiya. Kashegari kowa ya fito titi, a yi ta watsa wa juna garin rini, ja da kore da rawaya. Ran nan bara ya kan shafa wa ubangidansa rini a fuska, ba mai fushi. Baƙon da ya fita da farar riga, shi ya so.

Akwai kuma Kumba Mela, taron wanka na duk shekara 12 a Pirayagaraj, wadda dā a ke kira Allahabad, inda kogin Ganga ya haɗu da Yamuna. A na shekarar 2025 an yi kwana 45, hukuma ta ce waɗanda suka yi wanka sun haura miliyan 600. Sun gaskata ruwan yana wanke zunubi. Masu komawa gida su kan ɗebo shi cikin tulu su ajiye, in wani nasu ya zo gargara a ɗiga masa a baki.