Dala, doro da miliyan: yadda lissafin kuɗi ke rikita baƙo a Tamanrasset

A Tamanrasset lebura na iya karɓar miliyan uku a ƙarshen wata, ya sa su a aljihun gaba, ya tafi gida a ƙasa. Wanda bai san garin ba zai ce ƙarya ce, amma haka ake faɗa a bakin kasuwa, daga Tahaggart har Gataa El Oued. Miliyan ɗin da ake nufi dinari dubu 10 ne kacal. Na daɗe ina zama da 'yan canji da fatake a garin nan, kuma abin da na lura da shi shi ne kuɗi uku ke yawo a hannun Hausawa, wato dinari, sefa da naira, kowannensu da abin da aka rubuta a jikinsa da kuma abin da baki ke kiransa.

Dinarin Aljeriya ya fito ne a watan Afrilun 1964, ya maye gurbin faran, aka raba shi santim 100. Santim ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa, amma mutane ba su daina ƙirga da shi ba. Saboda haka in mai shago ya ce maka "alaf", wato dubu, dinari 10 yake so. "Ashar alaf" dinari 100 ne, takardar dinari 1,000 kuwa "miyat alaf", dubu ɗari ke nan. Akwai kuma doro, wanda ya fi yawa a bakin tsofaffi: doro ɗaya santim 5, doro ashirin dinari guda, doro ɗari dinari 5.

Mu ma da muka fito daga Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Agadas ba mu da bakin yi musu dariya. Ai dala muke ƙirgawa. Sefa 5 dala ɗaya, sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1,000 jikka. Ɗan Kano ko Katsina kuwa in ya ce jaka, a tsohon lissafi naira 200 yake nufi, domin jaka fam 100 ce kafin naira ta zo a 1973, aka canza fam ɗaya naira biyu. To, ka haɗa mutum uku a ciniki ɗaya, ɗan Tam da ɗan Zinder da Bakano, kowa ya ce "dubu" ko "jikka", sai ka tarar farashi uku ake magana a kai.

Dala da doro 'yan uwan juna ne. Dukansu sunayen manyan kuɗin azurfa ne da suka ratsa Sahara. Doro daga "duro" na Sifaniya ya fito, wanda ke daidai da feseta 5, daga baya aka liƙa sunan ga kwandalar faran 5 ta Faransa. Dala kuma daga "dollar" ne, dangin kuɗin azurfar Maria Theresa na Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780, wanda maƙeran Abzinawa suka riƙa narkarwa suna yin kayan ado. Kafin su, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, kalmar "kuɗi" ma jam'in wuri ce. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ana ba da wuri kusan 2,500 a kan dalar azurfa ɗaya. A nan Ahaggar kuwa gishiri ne ke magana: ayarin raƙuma ya ɗauko gishirin Amadror ya gangara Damargu, ya dawo da gero.

Wannan musaya ba ta mutu ba. Gwamnatin Aljeriya ta halatta cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda tsakanin jihohinta na kudu da Nijar da Mali, ta kuma sabunta dokar a 2020. Busasshen dabino, gishiri, barguna da kayan roba na tafiya kudu ta In Gezzam da Assamaka, dabbobi, lalle, kayan yaji da mangwaro na shigowa. A kasuwar baje kolin Assihar ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Dalilin bin wannan hanya shi ne dinari ba kuɗin da ake fita da shi waje a canza a banki ba ne. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi.

A nan ne asarar talaka take. Dinari farashi biyu gare shi, na banki da na bayan fage, wanda ake jin labarinsa daga dandalin Square Port Said da ke birnin Aljas, kusan kilomita 2,000 daga nan. A 2024 banki na ba da yuro a wajen dinari 145, a kasuwa kuma ya kai 240 har ya wuce. Ɗauki mai miliyan ukun nan, wato dinari dubu 30, a farashin 2024. In ya duba farashin banki a wayarsa, zai ga kusan jikka 135. In ya je wurin ɗan canji, abin da zai isa gida bai fi jikka 82 ba, kafin ma a cire ladan aike.

Na san wani yaro daga yankin Kance da ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin rufin ɗaki kafin damina, bisa lissafin da ya gani a waya. Da kuɗin suka isa, sai tsohuwa ta ɗauka ɗan aike ne ya ci amana, har maganar ta kai gaban dattawan unguwa a nan Tam. Sai da aka zauna da alƙalami aka bi lissafin daki-daki kafin zumunci ya dawo. Babu wanda ya ci ko dala, farashi biyun ne suka haɗa su.

Akwai kuma masu tara dinari a cikin katifa suna jiran ranar komawa. Haɗari biyu ke kansu. Dinari na raguwa a gaban sefa shekara bayan shekara, sannan wanda ba shi da takardu, in aka kwashe shi zuwa iyakar Assamaka, ba kasafai ake ba shi damar komawa ɗaki ya ɗauko ajiyarsa ba. Shi ya sa dattawan zango ke cewa a riƙa aikawa kaɗan-kaɗan ta hannun wanda aka sani, kuma a yi a gaban shaidu.

Malamai ma suna da magana a kai. A fiƙihun Malikiyya da muke bi a ɓangarorin iyakar biyu, canjin kuɗi da kuɗi sai hannu da hannu a majalisi ɗaya. Shi ya sa masu tsoron Allah cikin 'yan canji ba sa bari a tashi sai an yanke farashi, an kira wakili a Agadas ko Zinder ya tabbatar da adadin da zai miƙa.

Ga wanda ya zo sabo, shawarata guda uku ce. Kafin ka karɓi aiki, ka ce a rubuta maka ladanka da lambobi, a dinari, ban da santim. Kafin ka yi wa gida alkawari, ka tambayi 'yan canji biyu ko uku farashin ranar. In kuma za ka faɗa wa Inna ko Baba abin da ke tafe, ka faɗa da jikka da dala, bayan an cire ladan aike.