Yadda ake jera maƙalu a mujallun ilimi da ake wallafawa a intanet

Sau da yawa mai bincike kan buɗe mujallar ilimi a intanet, sai ya tarar da maƙalar da ta fara daga shafi na 40 tana saman wadda ta fara daga shafi na 1. Dalilin hakan yana cikin yadda manhajar wallafa mujallu ke aiki.

Mujallu da dama na jami'o'in Najeriya suna amfani da manhajar Open Journal Systems, wadda aka fi sani da OJS. Cibiyar Public Knowledge Project, wadda John Willinsky ya kafa a Kanada a shekarar 1998, ita ta samar da manhajar, kuma kyauta ake amfani da ita. A kanta ne aka gina rumbun African Journals Online da ke Afirka ta Kudu, inda ake ajiye ɗaruruwan mujallun nahiyar.

Jerin yana da hawa uku. Na farko shi ne fitowa, wato kundi da lamba da shekara. A cikin kowace fitowa akwai sassa, kamar sharhin edita, maƙalun bincike da nazarin littattafai. Kowace maƙala kuma tana zaune ne a ƙarƙashin sashen da aka ba ta, don haka duk inda sashe ya koma, maƙalunsa za su bi shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar shafi. Manhajar tana nuna lambobin da edita ya rubuta, amma ba ta jera maƙalu bisa su. Wajibi ne edita ya shiga teburin abubuwan da ke cikin fitowar, ya ja kowace maƙala zuwa gurbinta, sannan ya adana sauyin. Idan ya manta, jerin intanet zai saɓa wa na bugun takarda.

Sauya gurbin maƙala ba ya taɓa adireshinta, ba ya kuma taɓa lambar shaidarta ta dindindin da ake kira DOI. Sauya lambobin shafi bayan wallafawa ne ke da haɗari, domin da su ake kafa hujja da maƙala. Malamin da ya gabatar da maƙalarsa ga kwamitin ƙarin girma da wasu lambobi, alhali rumbun yana nuna wasu daban, yana iya shan tambayoyi ko jinkiri.

Wasu mujallu, kamar PLOS ONE da ta fara fitowa a 2006, suna ba kowace maƙala lamba tata, suna sakin ta da zarar ta kammala. Ga mujallun da ke bin tsarin kundi kuwa, abin da ya kamata shi ne edita ya tabbatar da lambobin shafi, ya gwada su da jerin da ke kan allo, kafin ya saki fitowar.