Wajabcin Auna Ruwa a Maƙwabtan Juji

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, sun daɗe suna karantar da cewa ruwa yana da siffofi uku da ake dubawa kafin a yi tsarki da shi, wato launi da ɗanɗano da wari, ta yadda idan najasa ta jirkita ɗaya daga cikinsu, to ya fita daga hukuncin ruwa mai tsarkakewa. Wannan ma'auni ya wadatar a babin ibada, amma a babin lafiyar jiki zamani ya zo da dafi iri-iri waɗanda ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ji, har mutum ya ja guga ya ga ruwa garau, alhali kuwa cuta tana narke a cikinsa. Babu inda wannan mas'ala ta fi tsanani kamar unguwannin da suka yi maƙwabtaka da jujin manyan birane.

Jujin Olusosun da ke Ojota a Legas ya isa misali, domin lokacin da aka fara zuba shara a cikinsa a 1992 yana bayan gari ne, amma birni ya yi ta bunƙasa har ya kewaye wannan fili mai kimanin hekta 40 da gidaje da masana'antu. Da gobara ta tashi a wurin a watan Maris na 2018, hayaƙin ya turnuƙe unguwanni, kowa ya gani, hukuma kuma ta motsa. Amma ɓarnar da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ba ta da hayaƙin da zai tona ta.

Asalin ɓarnar kuwa shi ne, kamar yadda mata ke zuba ruwa a kan toka su tace ruwan toka, haka ruwan sama ke ratsa tarin shara, ya jiƙa ruɓaɓɓen abinci da tsofaffin batura da gwangwanayen fenti da ragowar magunguna, ya fito ta ƙasa baƙi ƙirin, ɗauke da gishiri da amoniya da dalma da ƙwayoyin cuta. Idan ba a daɓe gindin jujin da yumɓu da shimfiɗar roba mai kauri ba, sashen wannan dagwalo zai bi lambatu zuwa rafi, sashe kuma ya nutse har ya iske jijiyar ruwan da rijiyoyi ke sha.

Saboda haka ne masana suka shar'anta bincike a kai a kai. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta wajabta aƙalla rijiyar gwaji ɗaya a ɓangaren da ruwan ƙasa ke fitowa kafin ya iso juji, da biyu a ɓangaren da yake nufa, haka kuma a ɗebi ruwan rafi daga sama da jujin da kuma ƙasa da shi. Hikimar wannan tsari a fili take, domin sai an san halin ruwa kafin ya gamu da shara sa'annan za a iya kafa hujja cewa sharar ce ta ɓata shi.

Shi kuwa ma'aikacin da ya zo ɗibar ruwan, ba ya gaggawa. Yakan fara zura igiyar awo ya rubuta zurfin ruwa, ya zuƙe kwantaccen ruwan da ya daɗe a cikin bututu ya zubar, sai sabo ya taso, sa'annan ya auna tsaminsa da yawan gishirinsa nan take, ya cika kwalabe masu tsabta, ya liƙa wa kowace suna da rana da sa'a, ya jera su cikin ƙanƙara domin su isa ɗakin gwaji ba tare da sun canja ba. A can ne ake gwada sakamakon da haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato miligiram 50 na naitiret a lita ɗaya, da miligiram 0.01 na dalma. Naitiret idan ya yi yawa yakan hana jinin jariri ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, illar da ba ta cika warkewa ba.

Awo ɗaya ba ya zama hujja, domin halin ruwa a damina daban yake da na rani, ruwan ƙasa kuma tafiyarsa sannu ce ƙwarai, har dafin da aka binne bana ya iya ɗaukar shekaru kafin ya bayyana a rijiyar maƙwabci. Don haka ne dokar Amurka ta 1991 ta ɗora wa masu juji kula da shi har shekara 30 bayan an rufe shi.

Mu ma muna da rabonmu a wannan magana, tun da kududdufai da yawa na birnin Kano, waɗanda kakanni suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, an cike su da shara an yi gine-gine a kansu, rijiyoyin gida kuwa suna nan a gefensu, 'yan garuwa suna ɗiba suna kai wa jama'a. Hukumomi kuwa akwai su, irin su NESREA, hukumar tarayya mai kula da kiyaye dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, ga kuma jami'o'i masu ɗakunan gwaji. Abin da ya wajaba shi ne a riƙa aunawa damina da rani, a karanta sakamakon a rediyo, a sanar da masu unguwanni da limamai, kuma duk rijiyar da ta wuce haddi a rufe ta bayan an tanadar wa mutane madadinta. Mai shan ruwa shi ne ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ke cikinsa, kuma jami'in da ya auna ya kulle takarda a aljihun tebur, haƙiƙa ya ci amanar da aka ba shi.