Sunan Uba a Takardar Haihuwa: A Gyara Tun Yaro Yana Ƙarami

Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Batsari da Safana a 2019 sun raba iyalai da yawa da ƙauyukansu, takardu suka ƙone, waɗansu suka ɓace. Wurin neman sababbi ne matsala take ɓullowa, domin uba yakan kasance da sunan gida da kuma sunan baftisma. A katin Ikkilisiya Bitrus ne, a takardar ɗansa Tanko. Ga ma'aikacin ofis, mutum biyu ke nan.

Bisa Dokar Soja mai lamba 69 ta 1992, rajistar haihuwa tana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, ana kuma yin ta cikin kwana 60. Katin baftisma ba ya maye gurbinta. In sunan uba ya fito ba daidai ba, sai a yi takardar rantsuwa a kotu, a kai ofishin Hukumar tare da katin shaidar uban. 

Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Saɓanin suna yana iya jawo wa yaro asarar shekara guda.

Yusufu ya yi tattaki har Baitalami domin rajista (Luka 2). Iyaye maza, ku tsaya a kan suna ɗaya a kowace takarda. Dattawan Ikkilisiya, ku duba takardar haihuwa kafin ku cike katin baftisma. Ubangiji ya taimake mu.