Takobin Sarki Ko Irin Shuka? Hukuncin Kisa a Mahangar Mabiya Buddha

A shekarar 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya rattaba hannu kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu a Jihar Katsina. Na yi maraba da ita, kamar yadda da yawa daga mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suka yi. Amma a Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a cikin gari. Doka tana nan, ta'asa ba ta tsaya ba. Wannan ya sa na leƙa yadda wasu al'ummu suka kalli matsalar.

Addinin Buddha, wanda ya samo asali a arewacin Indiya fiye da shekara 2,400 da suka wuce, ya sanya haramcin ɗaukar rai a farkon dokokinsa biyar. A nassinsu mai suna Kutadanta, wani sarki ya ga fashi ya addabi ƙasarsa, sai mashawarcinsa ya nuna masa cewa kisa da ɗauri ba za su kawar da ɓarnar ba, domin waɗanda suka tsira za su ci gaba. Maganin shi ne a ba manoma da makiyaya iri da abincin dabbobi, 'yan kasuwa jari, ma'aikata kuma albashinsu.

Akwai kuma labarin Angulimala, ɗan fashin da ke rataya yatsun waɗanda ya kashe a wuyansa. Da ya tuba a hannun Buddha, Sarki Pasenadi ya fasa farautarsa. Sai dai mutanen gari sun jefe shi har ya zubar da jini, malaminsa kuma ya umarce shi da ya jure, domin sakayyar aikinsa ce. Ashe tuba ba ta shafe haƙƙin wanda aka zalunta.

Su kansu ƙasashen mabiya Buddha ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Kambodiya ta soke hukuncin a 1989, Butan a 2004, amma Myanmar ta rataye mutum huɗu a 2022.

Ni Musulmi ne, ban kuwa ce a yi watsi da ƙisasi ba. Shari'armu ta tabbatar da shi, ta kuma buɗe wa magada ƙofar afuwa da diyya. Abin da na tsinta a wancan ɓangaren tambaya ce ga masu mulki: wane iri aka ba manomin Wurma da ya bar gonarsa? Wace makaranta aka gina wa yaron ruga kafin a miƙa masa bindiga? Matar da aka kashe wa miji tana bin gwamnati adalci, yaron da bai shiga daji ba tukuna yana bin ta tarbiyya da sana'a. Duk wanda ya biya bashi ɗaya ya bar ɗayan, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.